Sabulun Inna da Ruwan Foraj

Kankarar buta ce ta tayar mini da wannan zance. Matar ɗana ta zauna a bakin kicin tun da hantsi da cokali a hannu, tana kankare cikin butar shayi, farin ɓamɓaroki yana zuba mata a zani. Ta matsa lemun tsami a ciki ta tafasa, ta zubar, ta sake, tana ta mita ita kaɗai wai butar nan ko shekara ba ta yi ba. Jikana da ke lise, wato sakandare, ya leƙo ya ce, "Mama, kalker ne, irin farar ƙasa, a cikin ruwan yake. Sai an sa filtir yana tace shi." Ta ce masa ya je ya gaya wa ubansa, shi ne mai sayen filtir. Ni ina kan tabarma ina jin su. Yaron ya faɗi abin a sauƙaƙe ya wuce abinsa, alhali wannan 'yar maganar ce mahaifiyata ta yi shekaru tana neman wanda zai faɗe ta a gaban mutane, ba ta samu ba.

Zamanin da na yi wayo a Garwa, ruwa ba ya zuwa wurin mutum, mutum ne ke zuwa wurinsa. Da sassafe 'yan matan unguwa za mu jera da tuluna a ka mu gangara Binuwai, wanda kowa ke ce wa mayo, har mu da kakanninmu suka zo daga ƙasar Kano da fatauci. Tun daga nesa kana jin bugun masu wanki, da ihun yara, da kukan shanun da aka kawo shayarwa. Wani lokaci dorina ta huro ruwa can tsakiyar kogi, mu watse da gudu tuluna na karo da juna, tsofaffi na yi mana dariya. Da damina ruwan ja ne jawur, amma ba mu damu ba, domin Inna ta san maganinsa. Takan ɓare 'ya'yan zogale ta daka, ta ƙulle a ƙyalle, ta kaɗa shi cikin randa ta rufe da faifai. Kafin a sauke abincin rana laka ta kwanta a ƙasa, sai ta kwashe na sama ta tace da farin ƙyalle zuwa randar sha. Wanda za a ba jariri da mara lafiya kuwa sai ta tafasa. Ruwan randar nan akwai sanyi da ƙamshin ƙasa, a zafin Garwa da ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa. Ba zan ce ba a yi ciwon ciki a lokacin ba, an yi, kuma wuyanmu ya sha dakon tulu har yau ina jin sa. Sai dai ruwan nan ba ya ɓoye halinsa, in da datti a cikinsa kana gani da idonka.

Baba mahauci ne, Inna kuma sana'arta sabulun salo, kuma sana'o'in biyu a haɗe suke, domin kitsen da ya rage a teburin Baba shi ke shiga tukunyar Inna. Bayan girbi mukan tara karan dawa da ɓawon gyaɗa a ƙona, a zuba tokar cikin tsohuwar tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa mata ciyawa, a zuba ruwa yana tsiyayewa a ƙwarya. Wannan ɗigar ruwan tokar ita ce ƙarar gidanmu, da ita muke tashi, da ita muke wuni. Inna ta dangwala da yatsa ta taɓa a bakin harshe, in ta yamutsa fuska to ya yi. Sai a ɗora a wuta ya yi ta dahuwa har ya yi kauri, a saka kitse, a yi ta tuƙi da muciya hayaƙi na cin ido, har ya kumburo ya koma ya kwanta. Ni ce mai mulmulawa, ni ce kuma mai kai wa gidaje a kan tire. Ba na ma yin kiran talla, tun daga zaure ake ƙwala mini kira. Rigar Baba da ke dawowa daga mahauta da jini da maiƙo, sabulun nan ke mayar da ita fes, shi ya sa matan mahauta duk namu suke saye. Wata rana na ce wa Inna wasu masu sabulu suna ƙara laka don dunƙulen ya yi nauyi. Ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "Abin da zai taɓa jikin jariri ba a yi masa algus. Kada in sake jin wannan a bakinki." Inna ba ta da gwal, ba ta da shanu. Abin da take da shi a unguwar nan shi ne an san hannunta da gaskiya.

Akwai matar da muke kira Goggo. Ba 'yar'uwar Baba ba ce, aminiyar Inna ce, Bafulatana doguwa mai yawan dariya, gidanta na kallon namu. Lokaci ɗaya aka kawo su unguwar suna amare, tare suka yi haihuwa, tare suka yi jego. Inna na ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci, ita kuma tana ce wa Inna minyam, wato ƙanwata. In Inna ta sauke sabulu, dunƙulen farko na Goggo ne, kyauta, tun da ɗuminsa. In Goggo ta sami man shanu daga danginta na Bogo, rabi namu ne. Gashin Goggo har gadon baya, kuma duk inda mata suka yaba sai ta ce, "Ba ni ba ce, sabulun minyam ne." Mijinta dillalin shanu ne, Allah ya buɗa masa a fataucin Tuboro, ya je Makka ya dawo Alhaji.

Shi ne ya kawo foraj unguwarmu, wato rijiyar burtsatse. Na tuna ƙarar injin da ya yi kwanaki yana huda ƙasa a ƙofar gidansa, ƙasa na rawa, yara sun kewaye wurin ba mai zuwa aike. Ranar da ruwa ya ɓullo sai da aka yi guɗa. Ruwa garau, ka zuba a kwano kana ganin zanen gindin kwanon, ba laka, ba zogale, ba jira. Alhaji ya kafa famfo, ya sa yaro yana sayarwa bidon-bidon, wato jarka-jarka, ya kuma buɗe ɗan shago a gefe yana sayar da sukari da ashana da garin wanki na kanti. Tsakani da Allah ni na fi kowa murna, domin wuyana ya huta. Cikin ɗan lokaci duk unguwa ta bar mayo. Mu kaɗai muka rage muna ɗebo na kogi jefi-jefi, saboda Inna ta ce da shi ta saba tsiyayar toka.

Sannu a hankali abubuwa suka fara sauyawa, amma ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya. Wake ya daina nuna da wuri, sai an cika masa kanwa. Shayi ya riƙa yin wata yana a sama. Butoci suka fara yin fari a ciki. Yara in an yi musu wanka sai jikinsu ya yi furu-furu suna susa. Fararen riguna suka dushe, in sun bushe su yi tauri. Kowace matsala sai aka nemo mata mai laifinta. Wake, aka ce manoma ke kawo tsoho. Buta, aka ce ƙarfen yanzu ba shi da kyau. Susa, aka ce zafi ne. Ba wanda ya kalli ruwan, domin a wurinmu ruwa mai laifi shi ne mai laka, kuma wannan fari ne tas, ga shi inji ne ya haƙo shi da kuɗi masu yawa. Da aka zo kan wanki da wanka, mai laifin da ya fi kusa da hannu shi ne sabulun Inna. In aka cuɗa shi a ruwan foraj ba ya kumfa, sai ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya lalace, ya manne a bakin bokiti da jikin tufafi. Garin wankin shagon Alhaji kuwa, ko a wane ruwa ka zuba shi sai ya yi kumfa har ya zubo. Na fara shiga gidaje da tire ana ce mini, "Yau dai muna da saura." Wata matar mahauci ta ɗaga dunƙule ta auna a tafin hannu, ta shinshina, ta mayar kan tire. Na dawo gida da tire cike, na rasa yadda zan gaya wa Inna.

Abin ya fashe ne ranar sunan jikan Goggo. Tsakar gidanta cike da mata, ana ta rabon tuwo da fura, sai wata dattijuwa ta ɗaga murya ta ce wa Inna, "Uwar 'yan mata, me ya sami sabulunki ne? A da kumfa har gwiwar hannu, yanzu sai dauɗa yake ƙara wa kaya." Wasu suka kama, kowa na faɗin nata. Inna ta yi murmushi, domin ba ta ɗauki abin da zafi ba, ga ta a gidan aminiyarta. Ta juya ta ce, "Adda, ke kike cin dunƙulen farko. Gaya musu ko hannuna ya sauya." Goggo ta gyara zama. Ta sa aka miƙo mata kwano, ta ɗebi ruwa a bidon, ta ɗauko dunƙulen da Inna ta aika mata shekaranjiya, ta cuɗa a gaban kowa. Ruwan ya yi dishi-dishi, gudaji suka taso. Ta karkata kwanon mata suka leƙa. Sannan ta ce, a hankali, cikin muryar mai ba da shawara, "Minyam, ni ba zan ɓoye miki ba. In kitse ne ya yi tsada ki faɗa, a ƙara miki kuɗi. Ya fi ki riƙa ƙara masa wani abu." Da wata ce ta faɗa, da an ce hassada ce. Amma Goggo ce, wadda kowa ya san ba a jin kansu da Inna. Inna ta miƙe ta gyara mayafi, ta yi wa mai jego Allah ya raya, ta fita. Na bi ta a baya muka tsallaka gida.

Washegari ba ta ɗora tukunya ba. Ta zauna da ƙore biyu, ɗaya da ruwan mayo, ɗaya da na foraj, ta raba dunƙule ɗaya biyu ta cuɗa. Na mayo ya yi kumfa fari sol, na foraj ya tsinke. Ta sake, ta kuma sake, har Baba ya dawo daga mahauta ya same ta a wurin. Ba ta tsaya nan ba. Cikin 'yan kwanaki ta gano in aka ɗiga ruwan toka kaɗan a bokitin ruwan foraj aka bar shi ya kwana, wani farin gari na kwantawa a ƙasa, na saman kuma ya karɓi sabulu. Ta gano in an tafasa shi ma yana ɗan sassautawa, shi ya sa fari ke taruwa a buta. Zogale kuwa ba ya yi masa komai, domin ba laka ce a ciki ba. Murna ta kama ta kamar yarinya. Ta ɗauki ƙoren nan biyu, ni na ɗauki bokiti, muka tsallaka gidan Goggo. "Adda, ba sabulun ba ne, ruwan ne, zo ki gani!" Goggo na tsefe kai a ƙofar ɗaki, ko leƙa ƙoren ba ta yi ba. Ta ce, "Haba minyam, ruwan da ya fi hawaye haske za ki ɗora wa laifi? Ki bari mutane su manta mana, kada su ce kin fara zaucewa." Inna ta tsaya da ƙore a hannu har kumfar ta kwanta, sannan muka juyo.

Ta gwada nuna wa wasu matan. Suka saurara don kunya, suka ce to, Allah ya kyauta. Wace mace ce za ta koma dakon ruwan mayo, ko ta tsaya kwantar da ruwa da toka, alhali ga garin wanki a shago yana kumfa nan take? Kuma maganar Goggo ta riga ta zaga gari. A kasuwa wani abokin sana'ar Baba ya tsokane shi wai ko a nama ma ana ƙara laka, saura kaɗan a yi abin kunya da wuƙaƙe a hannu. Baba ya rantse ba zai sake shan ruwan Alhaji ba, ya kuma ce Inna ta yanke hulɗa da matarsa. Inna ta ƙi. Ta ce, "Adda ba ta sani ba ne. Abin da idonta ya gani ta faɗa. Da ta san ruwan ne, wallahi ita za ta fara tsaya mini." Wannan maganar ta riƙe har ƙarshen ranta. Ta daina sayar da sabulu, ta koma ƙuli-ƙuli, sana'ar da ba ta taɓa so ba, amma takan yi ɗan kaɗan na gida, kuma dunƙulen farko bai fasa tsallaka hanya zuwa gidan Goggo ba. Ɗigar ruwan toka ta ɗauke daga gidanmu sai sau ɗaya a shekara. Inna ta daina zama a tsakiyar taron mata, in an je biki sai ta nemi gefe. Ni kuwa da na yi aure a wata unguwa, har can aka bi ni da suna, 'yar mai sabulun laka.

Yanzu kowa ya san zancen. Foraj ya cika gari, kuma kowace mace ta san wane ruwa ne mai nauyi, wane ne mai sauƙi. Mai hali ya sa tankin tace ruwa da ake zuba wa gishiri, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗaura filtir a bakin famfo ko ya sayi na leda don sha. Wasu su tara ruwan sama a duro don wankin kai da fararen kaya, wasu su tafasa su bar shi ya kwanta, famfon wanka in ya toshe a jiƙa shi da lemun tsami. 'Yan matan yanzu har nema suke yi a kawo musu sabulun salo daga ƙauye, wai ya fi gyara fata, suna koya wa juna cewa sai da ruwan sama yake kumfa. Ba wadda ta taɓa zuwa ta ce wa Inna ashe gaskiyarki. Gari ya gane a hankali, ya wuce abinsa, kamar ba a taɓa yi wa kowa komai ba.

Inna ta rasu da rani, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Ta bar wasiyya Goggo ce za ta yi mata wanka, ni in zuba ruwa. A cikin ƙullin likkafaninta muka sami dunƙulen sabulu na hannunta. Goggo ta shigo tana dogara sanda, ta tsufa, idanunta sun kumbura da kuka, kuma kukan gaskiya ne, ban taɓa shakkar wannan ba. Ƙanwata ta shigo da bokiti biyu daga famfo. Goggo ta tsoma hannu, ta ɗaga kai ta ce, "Kai, wannan na foraj ne. A'a, ba ya karɓar sabulu. Ku je ɗakina, bayan ƙofa akwai randa, na mayo ne. Tun da aka haƙa abin nan nake sa a ɗebo mini, ni ban taɓa wanke kaina da ruwan Alhaji ba." Ta faɗa ne kawai, irin ta tsohuwar da baƙin ciki ya sa ta manta abin da take ɓoyewa.

Na tuna gashin nan har gadon baya da bai taɓa dushewa ba duk shekarun nan, da dunƙulen farko da ba ta taɓa mayarwa ba. Na ce, "Goggo, tun yaushe kika sani?" Hannunta ya tsaya a kan zanin da aka rufe Inna da shi. Ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ruwan mijina ne, 'yata. Da shi muke ci." Sai ta ce, "Yanzu ba lokacin magana ba ne. Zuba." Aka kawo ruwan randa, na zuba, ta cuɗa sabulun, kumfa ta taso har wuyan hannunta. Haka muka wanke Inna, ita tana kuka, ni idona a bushe. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, alhali ba ni aka yi wa ba.

Ban tona ta ba. Wa zan gaya wa, kuma me zai dawo? Na ci gaba da gaishe ta in mun haɗu, jam na, jam, irin gaisuwarsu ta Fulani, domin haka aka rene ni, amma ƙafata ba ta sake taka ɗakinta ba. Ba ta daɗe ba ita ma ciwo ya kwantar da ita. Babbar 'yarta ta zo har gidana, ta durƙusa a bakin tabarmata da saƙon uwarta, wadda suke kira Dada, ta ce, "Adda, Dada ta ce in roƙe ki, don Allah ki yafe mata. Ta ce kin san abin da take nufi." Yarinyar ba ta san komai ba, tare muka yi wasan ƙasa. Na ce ta koma ta gaya wa Goggo, abin da ya shafe ni, na sunan da aka bi ni da shi, na yafe duniya da lahira. Sauran kuwa ba nawa ba ne da zan bayar. Mai haƙƙin ta tafi tana kare ta, ba ta ma san akwai abin da za ta yafe ba.